Yatsun Maɗori a Ƙasar Tarambu

A shekarar da na cika arba'in da ɗaya, ranar Talata, kwana tara bayan yankan dawa, na rufe ɗakin ɗorina, na miƙa wa ƙanwata makulli, na fita ta ƙofar gabas. Ni ne Korau ɗan Nomau, maɗori ɗan maɗori. Na fita da jakar fata ɗaya, da sanda, da abin da ke cikin yatsuna.

Hannun mutum ɗaya ne ya fitar da ni. Katanga ta faɗo wa Bagudu masaƙi, mijin ƙanwata, a hannun dama. Na ɗora shi yadda ubana ya koya mini: na miƙe yatsun, na jera musu kara, na ɗaure kwana arba'in. Ƙashi ya haɗu sarai, amma yatsun suka fito a sandare kamar tsinken tsire, ba su ƙara riƙe ƙoshiyar saƙa ba. Bagudu bai taɓa ce mini komai ba, kullum muka haɗu ma sai ya yi mini godiya. Ana haka wani falke ya nuna mini hannunsa da raƙumi ya taɓa taunewa, ya zura zare a allura a gabana. Ya ce wata tsohuwa ce ta ɗora shi, a wani gida na masu askakken kai, tsakanin dutse da tafki, a ƙasar Tarambu, bayan teku biyu.

Tafiyar ta ci shekara uku. A birnin Zumbar, bakin teku na farko, na tarar da sarkin da ke tara masu sana'a yadda wasu ke tara dawakai. Duk baƙon da ya iya wani abu sai a sa masa ankwa a wuyan hannu, a ɗaure shi jikin ginshiƙi a farfajiyar fada, ya yi ta aikinsa a nan, don kada wani sarki ya same shi. Mu tamanin ne. Wata bakwai na yi ina ɗora bayin sarki da hannu ɗaya a sarƙa, ina koyon harshen Tarambu wurin wani maginin tukwane da ke ginshiƙin kusa da nawa. Ran da harshen ya zauna a bakina, na jira tsakar rana, lokacin da dogarai ke gyangyaɗi, na gotar da babban yatsana daga gurbinsa, na zare hannun daga ankwa, na mayar da yatsan a bayan katanga. Kafin in fita na yi wa maginin tayin in yi masa haka. Ya daɗe yana kallon babban yatsansa, sannan ya ce in gaida masa mutanen gida.

Bayan teku na biyu akwai fadama ta tafiyar kwana goma, babu tudun da za a shimfiɗa ko buzu. Kunkuraye ne ke ratsa ta, kowanne ya kai rumbu girma. Na sami ɗaya a bakin ruwa, bayansa ya tsage, ƙudaje sun cika tsagar. Na wanke, na matse da gora, na liƙe da ƙaro. Kwana shida ina jinyarsa. Ran na bakwai ya shiga ruwa ina zaune a bayansa, bai nutse ba sai da muka ga tudu. Ban ce godiya ce ba. Mai yiwuwa can ya nufa tun farko.

Ƙasar Tarambu gari biyu ce da ƙauyukansu: Nilam a bakin tafki, Kandur a kan dutse. Harshensu ɗaya, kamarsu ɗaya, har waƙar da suke lallashin jarirai da ita ɗaya ce. Abin da ke raba su zare ne a wuyan hannu, na Nilam shuɗi, na Kandur ja. Na same su a shekara ta tara ta yaƙi. Tsofaffin Nilam sun ce an fara ne a kan itacen sassaƙa jirgi da Kandur ta hana su. Tsofaffin Kandur sun ce a kan gishiri ne da aka cuɗa musu da yashi. Samarin da ke riƙe da masu ba su san wannan ko wancan ba, sun dai san sunan wanda aka kashe musu.

Wata biyar na yi a Nilam ina jiran hanya ta buɗe, ina ɗori. A nan na lura da wani abu. 'Ya'yan Nilam tun suna shekara huɗu ake durƙusar da su cikin kwale-kwale da ɗan filafili, haka za su yi ta yi har girma. Saboda haka kowane ɗan Nilam yana da ɗan ƙullin ƙashi ƙasa da ƙoƙon gwiwa, bai fi ƙwallon dabino ba. Ido ba ya ganinsa, su kansu ba su san da shi ba. Yatsa ne ke jinsa.

Da na kama hanyar dutse, mayaƙan Kandur suka tare ni, suka kai ni sansanin sarkin yaƙinsu, Tugal. Mutum ne mai ƙarancin magana, yana cin abinci a tsaye, ba ya cin kifi, ba ya yarda a ambaci tafki a gabansa. A duk Kandur babu wanda ya kai shi ƙin Nilam. Ya tambaye ni sana'ata, ya nuna mini rumfar masu rauni da haɓa. Na duƙufa. A gwiwoyin da na taɓa a rumfar nan, babu mai ƙulli ko ɗaya.

Wata rana da la'asar an gasa tunkiya, ana ci ana raha, sai wani ƙato daga cikin jaruman Tugal, mai suna Borum, ya ce, "Baƙo, ka zauna da masu warin kifi, ka zauna da mu. In an cire zare, za ka iya bambanta mu?"

Na ce, "Ko da ido a rufe."

Aka yi dariya. Borum ya ce, "Wanda ya zo a bayan kunkuru ai ba a musu da shi. Ku kawo rawani."

Suka ɗaure mini ido, suka jera mutum shida, suka ce biyu daga cikinsu kamammun Nilam ne. Na shafa kowanne tun daga kai har ƙafa, a hankali, don kada a gane inda alamar take. Na ja ɗaya gefe, aka yi shewa. Na ja na biyu, aka yi tafi. Na ja na uku, sai na ji wurin ya yi tsit.

Da na kwance rawanin, na ga na ukun Miro ne, mai dafa abincin sansani, wanda kullum ke ajiye mini kitsen wutsiya don ya ga ina so. Shekararsa ashirin a Kandur, matarsa 'yar Kandur ce, 'ya'yansa mata huɗu. An sa shi a layin ne kawai don a cika shida. Tugal ya yi masa tambaya ɗaya, ya ce, "A ina aka haife ka?" Miro bai yi ƙarya ba. Borum ya kai shi bayan dutse, ya dawo shi kaɗai, naman da Miro ya gasa yana kan wuta tukuna. Ni kuma aka ba ni alfadari.

Washegari na bar sansanin.

Gidan masu askakken kai yana rabin hanya, a wani sarari tsakanin duwatsu, inda ake hango tafki ta ƙasa, ganuwar Kandur ta sama. Mabiya Buddha ne, maza da mata, suna yafa mayafi ruwan goro. Ba su da makami, ko wuƙar yanka ba sa ajiyewa, sai aska. A bakin ƙofa akwai wani faffaɗan dutse. Duk mai shiga, lafiyayye ko mai rauni, a kan dutsen nan ake aske masa kai, a yanke zaren hannunsa a jefa a wuta, a ba shi farin zane, ya yi alkawarin ba zai faɗi garinsa ba, ba zai nuna na wani ba. Daga nan ya zama mai karaya, ko mai sara, ko mai ƙuna.

Shugabar gidan, Silawati, tsohuwa ce ƙanƙanuwa, haƙoranta huɗu, idonta ɗaya ya yi fari. Labarina ya riga ni isa.

Ta ce, "Kai ne baƙon da ke gane mutane da ido a rufe?"

"Ni ne, Uwa."

"Me ka zo nema?"

"Ɗorin yatsu."

"Zauna a aske ka. Hularka riƙe abarka, sallarka ka yi ta bayan rijiya, wurin da tsabta. Amma gashi da zare da sunan gari, a nan suke tsayawa."

Wata biyu ta sa ni wankin tsumma. Duk ran da aka kawo mai karyayyen hannu, sai ta aike ni itace.

Kowace safiya in an buga ƙararrawa, mai iya zama yakan zauna, wanda ba ya iyawa yana kwance, a yi shiru. Sai Silawati ta ce kowa ya tuna kansa, ya yi wa kansa fatan lafiya da kwanciyar rai. Sannan ya tuna wanda yake ƙauna. Sannan wanda bai dame shi ba, kamar mai sayar masa da gishiri. Daga ƙarshe wanda ya cuce shi, kuma a nan take daɗewa. Ta ce abin da suka ɗauko ke nan daga Buddha, malaminsu na farko: tausayi koyonsa ake yi da maimaici kamar kowace sana'a, kuma wanda nasa bai kai ga maƙiyinsa ba, bai gama koyo ba. Na karanta littattafan likitoci iya abin da hannuna ya kai, ban taɓa ganin inda aka ɗauki tausayi kamar aikin hannu ba. Ina zama gefe da carbina ina kallonsu. In an zo mataki na ƙarshe wasu kan yi kuka, wasu su ciji leɓe. Akwai wanda kullum sai ya fita ya yi amai ya dawo ya zauna.

Shi ne ya tambaye ta wata rana, ya ce, "Uwa, in na yi wa wanda ya kashe wana fatan lafiya, wana zai tashi?"

Ta ce, "Ba zai tashi ba."

"To amfanin me?"

"Wan wani zai kwana da ransa. Sha kununka, ya huce."

Ni ma haƙurina ya ƙare. Na same ta tana murza magani, na ce, "Uwa, shekara uku na yi a hanya, ba wankin tsumma na zo ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Me sunan mai dafa abincin?"

"Miro."

"'Ya'yansa nawa?"

"Huɗu."

"Hannunka ya iya, Korau, ban musa ba. Sai dai yana son a tafa masa. Je ka, ruwan wankin ya tafasa."

A farkon wata na uku aka gwabza a mashigin kogi, Kandur ta yi rinjaye. Kwana biyu masu mayafi suna kwaso mutane daga fage, har muka tara sittin da uku. Ran na uku da hantsi Tugal ya iso da mayaƙa ɗari biyu. Ya tarar da Silawati zaune a kan dutsen aski, ta tare ƙofa.

Ya ce, "Tsohuwa, matsa."

"Aski ka zo, ɗana? Gashin naka kuwa ya taru."

"Akwai mutanen Nilam a ciki. Su nake so. Nawa kuma in tafi da su gida."

"Akwai masu karaya ashirin da shida, masu sara talatin, masu ƙuna bakwai. Waɗanne daga ciki?"

Tugal ya yi wa Borum alama. Borum ya ɗauke ta cak kamar jaririya, ya ajiye ta gefe. Ta ce masa, "A hankali da kafaɗarka ta hagun nan, ni na ɗora ta." Bai dube ta ba.

Aka fito da masu rauni tsakar gida, kowa da askakken kai da farin zane. Mayaƙan Kandur daga ƙauyuka talatin aka tattaro su, ba kowa ya san kowa ba. Tugal ya ce duk ɗan Kandur ya tashi, wanda ba ya iya tashi ya ɗaga hannu. Mutum goma sha tara suka amsa. Arba'in da huɗu suka zauna suna kallon ƙasa.

Borum ya bi layin da ido, sai ya tsaya a kan wani saurayi. Ya ce, "Kai Halka, me kake yi a nan? Tashi."

"Kawu, ƙafata ce ta karye."

"To ɗaga hannu."

"Shi ma ya gaji."

"Me zan ce wa uwarka?"

"Ka ce mata wannan na kusa da ni shi ke juya ni in bayana ya yi tsami. Ban san garinsu ba, ba na kuma son sani."

Tugal ya gane lissafin kafin kowa. Cikin arba'in da huɗun nan akwai 'ya'yan dutse da suka ƙi tashi, bai san ko nawa ba ne. In ya kashe duka, ƙauyuka talatin za su tambaye shi 'ya'yansu. Ya juyo, idonsa ya sauka a kaina, ina tsaye da kwandon tsumma.

Ya ce, "Baƙo, na ba ka alfadari."

"Yana bayan gida yana dakon ruwa. Ka ɗauki abinka."

"Ware mini su."

Na dubi Silawati. Ba ta dube ni ba, tana cire ƙaya daga gefen mayafinta. Na ajiye kwandon, na ce, "Ba zan ware ba."

"Ka manta ne?"

"Ban manta ba. Yau na fi iyawa a kan ran nan. Ba zan yi ba."

"To faɗi alamar, mu duba da kanmu."

"Ita ma ba zan faɗa ba."

Ya sa aka ja ni bakin ƙofa, aka shimfiɗa hannuna na dama a kan dutsen aski. Tugal ba ya ba wani aikin da zai iya yi da kansa. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya kusa da ni, ya juya gatarinsa, ya riƙe shi ta baki, ƙota tana sama. Ya ce, "Yatsa ɗaya, tambaya ɗaya. Mene ne alamar?"

Na kawar da kai. Ya sauke ƙotar a kan ƙaramin yatsa.

Na san sautin, na sha jinsa a jikin wasu, har na gane a gaɓa ta biyu ya karye. Abin da ban sani ba shi ne yadda zafin ke hawa har cikin haƙori. Hannuna na hagu ya kai cafka ba da sanina ba, ya damƙe abin da ya fi kusa, wato gwiwar Tugal. Maɗori ba ya iya hana yatsunsa aiki. Ta cikin wandon, ƙasa da ƙoƙon gwiwa, na ji ƙwallon dabino.

Yatsuna suka tsaya, suka ƙara dannawa, yadda suka saba in sun sami abin da suke nema. Ya ji. Ya dubi hannuna, sannan ya dube ni. Na ce masa a hankali, yadda shi kaɗai zai ji, "Shekararka nawa aka ɗauke ka daga ruwa?"

Fuskarsa ce ta koma irin ta Miro a lokacin da aka yi masa tambaya.

Mayaƙa ɗari biyu na tsaye bayansa, Borum na gabansu, shi da ya san hanyar bayan dutse. Kalma ɗaya daga bakina, sauran yatsuna tara sun tsira, wanda ya karya na farkon kuma ba zai ga azahar ba. Na auna wannan sarai, na kuma so shi. Amma in na faɗa sai na nuna, in na nuna sun sami alamar, daga gwiwarsa za su wuce zuwa gwiwa arba'in da huɗu. Ko babu wannan ma, na riga na ja mutum ɗaya daga layi, na ga inda ake kai shi. Ban ce na yi wa Tugal fatan alheri ba, karatuna bai kai nan ba. Na dai saki gwiwarsa.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Faɗa musu mana."

"Ba zan faɗi naka ba, ba zan faɗi nasu ba."

Ya karya na biyu, idonsa a kan bakina. Da numfashina ya dawo na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Saura takwas, Sarkin Yaƙi, kuma rana tana yi. Akwai masu jiran a sauya musu tsumma."

Wani daga cikin mayaƙan ya yi dariya, ya haɗiye ta. Tugal ya karya na uku. Wannan bai karye da kyau ba.

Sai na ji motsi a gefena. Silawati ce ta durƙusa, ta shimfiɗa hannunta a kan dutsen kusa da nawa, ɗan siririn hannu kamar ƙafar kaza. Ta ce, "Shi baƙo ne, alama kawai ya sani. Ni na yanke zaren kowannensu, na san na wa ne ja, na wa ne shuɗi. Dawo kan nawa, ɗana, sun fi saurin karyewa, ba za ka gaji ba."

Borum ya yi gyaran murya, ya ce, "Sarkin Yaƙi, ba a ce mana da tsohuwa za mu yi ba."

Tugal ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya kama wuyan hannuna ya ɗaga shi sama, yatsun uku suna lilo. Ya ce, "Ku duba. Yatsun da ke ganewa sun tafi. Wannan ba zai ƙara bambanta jaki da doki ba. Mun gama a nan."

Borum ya dubi hannuna na hagu, lafiyarsa ƙalau. Ya buɗe baki, ya hango ɗan ƙanwarsa a tsakar gida, ya rufe. Suka ɗauki goma sha taransu suka hau dutse.

Silawati ta sa aka kai ni ɗakin da kullum take kore ni daga cikinsa. Wata mai mayafi ta kawo ruwan maganin da ke gusar da hankali, Silawati ta ce a mayar.

Ta ce, "Buɗe idonka. Shekara uku ka yi a hanya."

Ta ja kowane yatsa ta daidaita ƙashin, tana faɗin abin da take yi, tana sa ni in maimaita. Ba ta miƙe su ba. Ta mulmula kakin zuma kamar ƙwan agwagwa, ta sa mini a tafin hannu, ta lanƙwasa yatsun a kansa kamar mai riƙe da lemo, sannan ta ɗaure da siraran gora.

"A lanƙwashe, Uwa?"

"Hannu a lanƙwashe yake aiki, a lanƙwashe zai warke. Ku kuna ɗaure ƙashi ku manta da gaɓa. Ran bakwai za mu kwance, mu sa a ruwan ɗumi, ka motsa su kaɗan. Kullum haka. Za ka zage ni, ba komai, an sha yi."

Na zage ta kuwa, da Hausa, ta ce ta gane. Na tambaye ta ko hannun Bagudu zai gyaru. Ta tambayi shekara nawa da karayar, na faɗa mata. Ta ce, "Ba zai riƙe ƙoshiya ba. Amma ba shi ne masaƙi na ƙarshe a garinku ba."

Yaƙin bai tsaya ba. Sai dai waɗanda suka warke suka koma gida, da yawansu ba su sake ɗaura zare ba. Halka ya ƙi komawa sansani da ƙafarsa ta haɗu. Shi da mutumin da ke juya shi suka kafa rumfa a gindin gidanmu, ɗaya yana kawo gishiri, ɗaya itace, ba wanda ke tambayar wa ke kawo wanne. Kafin wata ya cika rumfunan sun zama bakwai. Sau biyu ana ƙona su, sau biyu suna sake kafawa.

Ran kwana hamsin da biyu da karayata, da hantsi, ina bakin ƙofa ina matsa kakin zuma a tafin hannu, sai na hango mutum yana gangarowa daga dutse shi kaɗai, a ƙasa, da wani a goye a bayansa. Tugal ne, babu gatari. Ya sauke mutumin a hankali a gaban Silawati.

Ya ce, "A kwazazzabo na same shi. Babu zare a hannunsa."

Masu mayafi biyu suka aske mai raunin, suka shiga da shi. Tugal ya yi kamar zai bi su. Silawati ta ce, "Ka san ƙa'idar ƙofar nan, ɗana."

Ya tsaya yana kallon dutsen. Sannan ya zauna a kai, ya miƙa wuyan hannunsa. Silawati ta miƙo mini aska, ta ce, "Idona ba ya gani sosai yau. Gwada yatsun nan naka."

Na yanke jan zaren, na jefa a wuta. Na ɗebo ruwa a ƙwarya na jiƙa masa gashi. Bai ɗago ba, ya ce, "Wancan da na kawo, cinyarsa ce ta karye. Za ka taɓa gwiwarsa."

"Dole."

"Kada ka faɗa mini."

"Ban yi niyya ba."

Na wasa askar a tafin hannuna na hagu. Ruwa yana gangarowa ta wuyansa, jijiyar wuyan tana harbawa.

Ya ce, "Bakwai. Shekarata bakwai aka ɗauke ni daga ruwa."

Na ce, "Sunkuyar da kai."

Yatsun uku suka lanƙwashe a kan ƙotar askar, na fara daga bayan kunnen hagu.